Yadda Ake Gabatar da Mugu a Fim ɗin Iyali Mai Duhu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban fim, marubuta, masu ɗaukar hoto, da iyayen da ke son gane abin da ke firgita 'ya'yansu a gaban allo. Mun sa musu lamba domin a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ake nufi da fim ɗin iyali mai duhu?

Fim ne da aka shirya don yaro da babba su zauna su kalla tare, amma labarinsa yana taɓa abubuwan da yaro ke tsoro da gaske: maraici, ɓata a inda bai sani ba, satar yara, mutuwa, ko babban da ya kamata ya kare shi ya juya masa baya. Duhun yana cikin labari da yanayi, ba sai an zubar da jini ba. Fim ɗin ban tsoro na manya yana so ka koma gida gabanka na faɗuwa. Wannan kuwa yana so yaro ya shiga tsoron, ya ratsa shi, ya fito lafiya ta ɗaya gefen.

A tsarin alamomin da ke nuna shekarun da suka dace a kalli fim, irin waɗannan finafinai galibi suna samun alamar G ko PG a Amurka, U ko PG a Birtaniya. Alamar PG-13 ma, wadda ke gargaɗin iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13, dalilinsu aka ƙirƙiro ta a 1984, bayan iyaye sun yi ƙorafi a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda suka fito da PG alhali sun fi ƙarfin ƙananan yara.

2. Me ya sa fitowar mugu ta farko ta fi sauran fitowarsa muhimmanci?

Domin aiki uku take yi a lokaci guda. Tana nuna wane ne shi, tana nuna abin da zai iya aikatawa, sannan tana gaya wa yaron da ke kallo iyakar inda fim ɗin zai kai shi. Na ukun ne aka fi mantawa da shi. Daga wannan fitowa yaro ke auna ko zai iya jure sauran fim ɗin. Idan ta yi zafi fiye da kima, zai ɓoye fuska a jikin mahaifiyarsa, kuma labari ya wuce shi ke nan. Idan ta yi sanyi, ba zai damu da halin da jarumi ke ciki ba, kuma duk ƙoƙarin da za a yi daga baya da wuya ya dawo da kwarjinin da aka zubar tun farko.

3. A wane minti ya kamata mugu ya bayyana?

Babu doka, amma a fim mai tsawon minti 90 yana da kyau a ji ƙamshin mugu kafin minti 15, ko da fuskarsa za ta jira. Abin da ya fi lokaci muhimmanci shi ne jeri. Da farko labarinsa: wani ya ambace shi, ko ya ƙi ambatar sunansa. Sai alamarsa: mota, sawu, hayaƙi, ƙarar takalmi. Fuska ce ta ƙarshe.

One Hundred and One Dalmatians na 1961 ya bi wannan jeri tsaf. Ana jin ƙarar motar Cruella, muguwar fim ɗin, a kan titi, uwar karnuka ta gudu ta ɓuya, maigidan ya rera waƙar da ke siffanta ta, inuwarta ta bayyana a gilashin ƙofa, sannan ta banko ƙofar ta shigo tana jan hayaƙin sigari a bayanta. Kafin ta buɗe baki yaro ya riga ya san matsayinta. A Bambi na 1942 kuwa an tsaya a mataki na biyu har ƙarshe: ba a taɓa nuna maharbin ba, sai kiɗansa, da ƙarar bindiga, da gudun dabbobi. Wannan hanya tana aiki idan mugun ƙaddara ce da ke faɗo wa jarumi. Idan kuwa akwai arangama ido da ido a ƙarshen fim, dole a ba shi fuska tun da wuri.

4. Me ya sa ake yawan fara nuna ƙafa, hannu ko inuwa kafin fuska?

Abin da aka ɓoye wa mai kallo shi ne yake cikawa da kansa, kuma kowane yaro gwargwadon ƙarfin zuciyarsa yake cikawa. Wannan ne ya sa dabarar ta dace da fim ɗin iyali: ɗan shekara 6 da ɗan shekara 12 suna kallon inuwa ɗaya, kowanne yana ganin abin da zai iya ɗauka. Sai dai gaɓar da aka zaɓa ta kasance tana faɗin wani abu game da halin mugun. Coraline na 2009 ya buɗe da yatsu na allura suna farke 'yar tsana, suna sake ɗinka ta da wata kama. Ba fuska, ba magana, amma an faɗi komai: wannan halitta tana rarraba yara ta sake ƙera su yadda take so. Takalmi kawai yana taka ƙasa, ba tare da ya taka wani abu mai ma'ana ba, ya zama abin da kowa ya gaji da gani.

Inuwa kuma da lissafi ake yin ta. Ana buƙatar fitila ɗaya tak, ƙarama, mai kaifin haske, ba tare da farin ƙyallen da ke tausasa haske ba. Girman inuwa yana fitowa ne idan aka raba nisan fitila da bango da nisan fitila da ɗan wasa. Idan fitila tana mita 6 daga bango, ɗan wasa yana mita 2 daga fitila, inuwarsa za ta ninka shi sau uku. A ajiye fitilar ƙasa-ƙasa, inuwar ta hau bango har rufi. Abin da ke lalata ta abu biyu ne: wata fitila da ke watsa haske a bangon ta wanke inuwar, ko ɗan wasa ya fuskanci fitila kai tsaye har siffarsa ta zama dunƙule. A juya shi gefe, hanci da haɓa da yatsu su fito. Tun Nosferatu na 1922, inda inuwa ke hawa matakala, ake amfani da wannan.

Kada jinkirin ya wuce kima. Ɗauka biyu ko uku na ɓoyewa sun isa (ɗauka ita ce hoton da ake gani daga wannan yanka zuwa na gaba). Idan aka kai biyar, sai zato ya yi girman da babu fuskar da za ta cika shi.

5. A ina ake ajiye kyamara, kuma wane gilashi ake sa mata?

A ajiye ta daidai idon yaron da ke cikin labarin, wato kusan mita 1 zuwa 1.2 daga ƙasa, tana ɗaga kai sama. Da haka mugu zai cika allo, rufin ɗaki ya danno a bayansa, mai kallo ya koma ƙarami ko da babba ne. Idan aka juyo kan yaron, sai a ɗaga kyamara ta kalle shi daga sama, a bar fili mai yawa kewaye da shi. Waɗannan ɗauka biyun tare suke aiki. Ɗaya ba ta isa ba.

Gilashi mai faɗi, milimita 18 zuwa 24, idan aka matso da shi dab da fuska yana kumbura hanci da baki, ya tura kunnuwa baya. Da irinsa aka riƙa ɗaukar shugabar makaranta a Matilda na 1996, kuma sakamakon tsoro ne gauraye da dariya. Idan mugunka mai natsuwa ne, mai sanyin murya, gilashi mai tsawo, milimita 85 zuwa sama, ya fi dacewa: fuskar ta fito sumul, bayanta ya dushe, ya zama babu inda ido zai gudu. Karkatar da kyamara gefe ma tana da amfani, digiri 5 zuwa 15, a lokacin da duniyar yaron ta fara jirkicewa. A yi ta sau ɗaya ko biyu. Idan kowace ɗauka a karkace take, ido ya saba, karkacewar ta daina magana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauke kyamara har ƙasa. Daga nan ƙofofin hanci da ƙarƙashin haɓa kawai ake gani, kuma yara dariya za su yi.

6. Wane irin haske ake yi wa mugu?

Ana auna bambancin hasken da ke gefen fuska mai haske da gefen da ke inuwa. A fitowar gida da walwala, 2 bisa 1 aka saba, wato gefe mai haske ya ninka ɗayan sau biyu. Wa mugu ana kai shi 8 bisa 1 ko fiye, ta hanyar rage fitilar da ke cike inuwa ko kashe ta gaba ɗaya, har ma a kafa baƙin ƙyalle a gefen don ya shanye hasken da bango ke maidowa. Haske daga sama yana mai da ido rami. Haske daga ƙasa yana juya inuwar fuska sama, saɓanin yadda rana ta saba mana, shi ya sa yake tayar da hankali. Amma sai an ba shi dalili a cikin ɗakin, kamar murhu, kyandir ko tukunya mai tafasa, in ba haka ba sai ya zama wasan yara da tocila.

Akwai ɗan ƙyallin da fitila ke bari a ƙwayar ido. Shi ke sa ido ya yi rai. A cire shi daga idon mugu, a bar shi a idon yaro, mai kallo zai ji bambancin ko bai san daga ina ya zo ba. Sannan a tuna duhu a fim haske ne da aka sarrafa. Idan aka rage fitilu kawai, hoton zai yi dusu-dusu, kuma a waya ko talabijin na gida baƙin zai dunƙule har ba a ganin komai. Fitilar baya da ke zana gefen kafaɗa da kai ita ke raba mugu mai baƙar sutura da bango mai duhu. Idan ɗan wasan baƙin fata ne, a auna hasken da fatarsa, a yi amfani da sheƙin da take maidowa wajen fito da ƙashin fuska.

7. Dole ne launin mugu ya zama baƙi, kore ko shunayya?

A'a. An saba da su ne saboda tsofaffin finafinan zane sun yi amfani da su sosai, kamar koriyar wutar da muguwar nan Maleficent ta bayyana a cikinta a Sleeping Beauty na 1959. Abin da ke aiki shi ne mugu ya shigo da launin da ba a gani ba tukuna a fim ɗin. Idan minti goman farko cike suke da ruwan ƙasa da rawaya, ɗigon ja ɗaya ya isa. Wannan yana nufin mai sutura da mai shirya ɗaki su hana wannan launi fitowa ko'ina kafin lokacinsa, ko a labule, ko a kwano.

Da fitila ma ana yi. A ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, hasken gida mai ɗumi yana wajen 3200, hasken rana 5600. Idan aka daidaita kyamara a kan na gida, duk hasken da ya biyo mugu ta ƙofa zai fito shuɗi-shuɗi, kamar sanyi ne ya shigo tare da shi. Ana kuma iya juya lissafin idan mugun mayaudari ne, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 12.

8. Mene ne aikin sauti da kiɗa?

Kunne yana riga ido jin tsoro, don haka sautin mugu ya fara shiga tun hoton fitowar baya bai ƙare ba, da sakan ɗaya ko biyu. A ba shi sauti nasa na kansa, gajere, wanda yaro zai iya kwaikwayo bayan ya ji sau biyu. Dabarar tsohuwa ce: a Peter and the Wolf na Prokofiev, 1936, wanda aka rubuta don yara, kowace dabba da kayan kiɗanta, kyarkeci kuma ƙaho uku ne. Sautin da ke fitowa daga cikin duniyar labarin ya fi kiɗan baya ƙarfi, domin jarumi ma yana jin sa. Fiton kyarkeci a Puss in Boots: The Last Wish na 2022 misali ne: da zarar an koya wa mai kallo ma'anarsa a fitowar farko, daga baya fiton kaɗai ya isa ya tsayar da gashin jiki.

Shiru ma kayan aiki ne, kuma shi aka fi raina wa. A cika wurin da ƙananan sautuka tun farko, tsuntsaye, agogo, surutun mutane, sannan a janye su ɗaya bayan ɗaya yayin da mugu ke matsowa. Idan babu abin da aka shimfiɗa, babu abin da za a janye. Game da gurnani mai zurfi da ake sawa a ƙarƙashin fitowa: sifikar waya da ta yawancin talabijin ba sa fitar da abin da ke ƙasa da haz 100 a ma'aunin zurfin sauti, saboda haka a haɗa shi da wani sauti mai ɗan sama, in ba haka ba a gida fitowar za ta zama fanko. Ƙara mai ƙarfi ta ba-zata kuwa tana razana yaro ba tare da ta koya masa komai game da mugun ba. Duba tambaya ta 15.

9. Ta yaya mai tace fim ke taimakawa?

Da fuskokin sauran mutane. Yaro yana koyon abin tsoro ne daga fuskar wanda ya amince da shi, a rayuwa da a fim. Idan kare ya shige ƙarƙashin kujera, mai hidima ta daina dariya, uba mai ƙarfi ya sunkuyar da kai, to an gama gina mugu kafin kyamara ta juya kansa. Tun gwajin Lev Kuleshov a Rasha, wajen shekara ɗari da suka wuce, aka san cewa ma'anar fuska tana fitowa ne daga hoton da aka jera kusa da ita. Fuskar da ba ta nuna komai, idan ta biyo bayan hoton yaro yana makyarkyata, ta zama fuskar azzalumi.

Sai tsawon ɗauka. Idan fim ɗin ya saba yankawa kowane sakan 3 ko 4, a bar ɗaukar fuskar mugu ta farko ta kai 7 ko 8. Mai kallo zai jira a yanka, ba a yanka ba, sai ya ji an tsare shi. A sakan ɗaya akwai firam 24, wato hotuna tsayayyu 24 a jere, kuma firam 10 ko 12 da aka ƙara bayan mugu ya gama magana, yana kallo kawai, sukan fi maganar kanta nauyi.

10. Wane abu ya kamata mugu ya fara aikatawa?

Ƙaramar mugunta ga wanda ya fi shi rauni, wadda ke ɗauke da hoton babbar muguntar da zai yi daga baya. A The Lion King na 1994, ana fara ganin ɓera ne, sai dagin Scar, mugun zaki, ya faɗo a kansa, ya ɗaga shi yana wasa da shi kafin ya ci. Ɓeran ya tsira, kuma wannan tsira tana da muhimmanci: an nuna hali ba tare da an karya zuciyar yaro tun a minti na biyar ba. Idan aikin farko ya zama kisa a fili na abin da yaro ya riga ya so, an kashe harsashi mafi girma da wuri, kuma an rasa ƙananan masu kallo.

Aikin ya kuma bayyana abin da mugun ke so. Yaro yana iya bin labari mai sarƙaƙiya muddin ya san wannan mutum fatar karnuka yake nema, ko sarauta, ko idon yarinyar. Mugun da ke ta huci da tsawa ba tare da an san buƙatarsa ba hayaniya ce kawai.

11. Me ake nema daga ɗan wasan?

Ya saɓa wa motsin kowa. Idan ɗakin a hargitse yake, shi ya tsaya cik. Idan kowa ya daskare, shi ya riƙa zagayawa a hankali yana taɓa kayan mutane. Rage murya ya fi ɗaga ta, domin yana tilasta wa kowa ya kasa kunne. Christopher Lloyd ya guji ƙifta ido a gaban kyamara lokacin da ya fito a alƙali a Who Framed Roger Rabbit na 1988. Mai kama yara a Chitty Chitty Bang Bang na 1968 kuwa Robert Helpmann ne, gwanin rawar bale, kuma tafiyarsa mai sanɗa da tsalle-tsalle ita ce ta zauna a ran yaran da suka kalla. A zaɓi ɗabi'ar jiki guda ɗaya a riƙe ta. Uku ko huɗu tare sai su mai da shi abin dariya.

Idan akwai ƙaramin yaro a fitowar, ya fara saba da ɗan wasan ba tare da kwalliya ba, ya ga yadda ake yi masa ita. Tsoron da ake so a allo na wasa ne, kuma babu ɗaukar da ta cancanci a firgita yaro da gaske don a same ta.

12. Idan mugun ɓoyayye ne, mai zuwa da fara'a fa?

Musa a baki, Fir'auna a zuci: wannan ya fi wuya, domin sau biyu ake gabatar da shi. A karon farko ana juya duk abin da aka faɗa a tambaya ta 5 zuwa ta 8. Kyamara daidai ido, haske mai laushi, launi mai ɗumi, kiɗa mai daɗi. A Coraline gidan gaskiya ne mai toka-toka, gidan tarko kuma mai haske da abinci. Ana fara ganin uwar ƙarya ta gidan tarkon ta baya tana girki, ta juyo da murmushi, sai ga maɓallai a gurbin ido. Komai daidai, ban da abu ɗaya. Wannan abu ɗaya shi ne ginshiƙin dabarar. A Home Alone na 1990 ɓarawon ya fara zuwa ne da kayan 'yan sanda, sai haƙorinsa na zinariya ya yi walƙiya, kuma da wannan haƙori yaron ya gane shi daga baya.

Karo na biyu shi ne lokacin da asiri ya tonu, kuma nan ake sakin dabarun da aka riƙe: haske ya sauya, kyamara ta sauka, murya ta canza. Sharaɗin shi ne a yi wa mai kallo adalci. A dasa alama biyu ko uku da za a gani idan aka sake kallo. Idan babu ko ɗaya, babba zai ji an yi masa zamba, yaro kuma zai iya ɗaukar cewa duk mai kirki abin zargi ne. Muna ganin wannan babbar illa ce, shi ya sa ya kamata a bar aƙalla babban mutum ɗaya a labarin wanda kirkinsa na gaske ne har ƙarshe.

13. Akwai bambanci tsakanin fim ɗin zane da na mutane?

Dabarun ɗaya ne, sai dai mai zane yana da iko a kan siffa kanta. Jarumai galibi da'ira-da'ira ake zana su, mugu kuma da kusurwoyi masu tsini. Gwajin da masu zane ke yi shi ne a cika siffar da baƙi: idan ba a gane mugun daga baƙar siffarsa kaɗai ba, zanen bai nuna ba. Girma ma ana wasa da shi, kamar ƙaton kan mayya Yubaba a Spirited Away na 2001, wadda muryarta da ikonta suka janyo yarinyar ta ƙofofi da yawa kafin su yi ido biyu. A fim ɗin mutane kuwa tsoro ya fi kusa da jiki, domin yaro ya san irin wannan babba yana iya wanzuwa, don haka abin da zane zai ɗauka cikin sauƙi sai an sassauta shi a nan.

14. Ya dace a yi amfani da tabo ko naƙasa a matsayin alamar mugunta?

Bai dace ba, kuma masana'antar ta fara amincewa da haka. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya mai da tabon fuska alamar mugu ba, bayan kamfen ɗin ƙungiyar Changing Faces. A 2020 kamfanin Warner ya ba da haƙuri kan yadda aka siffanta hannayen mayu a The Witches na wannan shekarar, domin sun yi kama da hannayen mutanen da aka haifa da ƙarancin yatsu. A cikin masu kallo akwai yaro mai tabon ƙuna, kuma washegari zai je makaranta tare da waɗanda suka ga fim ɗin. Haske, sauti, tafiya da aiki, waɗanda aka yi bayani a tambaya ta 6, ta 8, ta 10 da ta 11, sun isa su gina mugu mai kyakkyawar fuska ƙwarai.

15. Ta yaya za a san tsoron bai wuce gona da iri ba?

Shekaru ke raba abin. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, kama ce ta fi tsorata su: mummunar fuska, ko mutum ya rikiɗe ya koma wani abu, ko da halittar mai kirki ce. Waɗanda suka girme su kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne ya fi damun su. Saboda haka cire fuskar roba a gaban kyamara, kamar yadda shugabar mayu ta yi a The Witches na 1990, ya fi tsananta wa ƙarami fiye da barazanar baki, kowace iri ce.

Bayan fitowar mugu a ba da wurin numfashi cikin minti ɗaya ko biyu: ɗan raha daga yaran mugun, wato masu yi masa aiki, ko komawa wurin da ke da aminci. Rahar ta faɗa kan yaransa ko kan girman kansa, kada ta taɓa ikonsa, in ba haka ba kwarjinin ya tafi. Kuma a bar wa jarumi ƙaramin abin yi a cikin fitowar, ko da ɓoye wani abu a aljihu ne, ko ƙin sauke ido. Yaro yana jure tsoro mai yawa idan wanda yake bi bai zama marar kataɓus gaba ɗaya ba.

Akwai kuma batun lafiya. Walƙiya da fitila mai ƙyaftawa suna iya tayar da farfaɗiya ga wasu, kuma ƙa'idar da gidajen talabijin ke bi ita ce kada ƙyaftawar ta wuce sau uku a sakan ɗaya. A 2018 sai da gidajen sinima suka liƙa gargaɗi saboda fitowar mugu a Incredibles 2.

16. Ba mu da kuɗi sosai. Ɗauka nawa za ta ishe mu, kuma ta yaya za mu gwada ta?

Shida sun isa, da fitila biyu da ƙofa ɗaya. Ta farko ɗaukar nesa ce ta ɗakin cikin walwala, da sautukansa duka. Ta biyu fuskar wanda ya fara jin alamar, a lokacin da sautukan suka fara ɗaukewa. Ta uku alamar kanta: inuwa a ƙarƙashin ƙofa, ko hannu a kan mariƙi. Ta huɗu yaron, daga sama. Ta biyar fuskar mugu daga tsayin idon yaron, a riƙe ta fiye da sauran kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 9. Ta shida ƙaramin aikin muguntar, a ɗaukar kusa. Gaba ɗaya sakan 40 zuwa 60. A ɗauki fuskokin martani da yawa fiye da yadda ake zato, domin su ne mai tacewa zai nema ya rasa, kuma a naɗi minti ɗaya na sautin ɗakin babu mai magana don cike giɓi.

Gwaji iri biyu ne. A kashe sauti a nuna wa wanda bai san labarin ba, a tambaye shi wa ke da iko a ɗakin, kuma me yake so. Sannan a rufe allo a bar sauti kaɗai, a ce ya ɗaga hannu daidai lokacin da mugu ya shigo. Idan ya kuskure a na farko, a koma kan ɗauka ta biyar da ta shida. Idan a na biyu ne, shirun bai fito ba, sai a ƙara sautukan ɗauka ta farko. Bayan nan a kalli fitowar a waya, da rana, hasken allo a rabi, a tabbatar har yanzu ana ganin inuwar ƙarƙashin ƙofa.